Ɗan Takarar Gidan Makoki

Bilyaminu ba shi da ubangida, ba shi da ko motar da za a ɗaura wa lasifika. Abin da yake da shi babur ne da baki, sai tsohuwar sanayya da manoman albasa, don ya daɗe yana malamin gona a ƙasar Goronyo. Da ya ce zai nemi kujerar majalisar jiha, manyan jam'iyyu ko wurin zama ba su ba shi ba. Tun da doka ba ta yarda mutum ya tsaya haka kawai ba, sai ya ari tutar wata 'yar jam'iyya da ba wanda ya taɓa ganin ofishinta. Mu dai a Rimawa ɗan takarar kansa muke ce masa.

Taron siyasa kuwa sai da rumfa da makaɗa da man babur na samari, shi ko ɗaya ba ya iyawa. Sai ya lura akwai taron da ba a hayar kujera, ba a kuma korar kowa, wato zaman makoki. A nan ake samun mai gari da liman da dattawan da in sun ce a yi, gida duka ya yi. Bai taɓa yin maganar zaɓe a kan tabarmar mamaci ba, wannan kam zan shaide shi. Zuwa kawai yake yi, ya ɗauki makara, ya kama haƙar kabari, ya zauna har a shafa fatiha. Manyan 'yan takara su aiko wakili da buhun shinkafa, shi ya zo da kansa, ƙura har gira. Mutane suka fara cewa wannan shi ne namu.

Da abin ya karɓe shi, sai ya wuce gona da iri. In ya ji rasuwa a Wurno ko Rabah, inda ko ƙuri'a ɗaya ba shi da ita, sai ya je, wai ai mutanenmu na da surukai can. Daga baya ya ga jiran rasuwa ɓata lokaci ne, ya ƙara da dubiya. Ya je Boyekai ya duba wani tsoho, Mainasara, wanda ya shekara a kwance. Washegari aka yi jana'izarsa. Ya duba wani mahauci a kasuwar Goronyo, bai ga Juma'a ba. To, don Allah wa ake zuwa dubawa in ba wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ba? Amma mutanenmu ba su tsaya wannan lissafin ba. Magana ta fara a bakin mata wajen rijiya, ta kai majalisar dattawa: Bilyaminu ƙafarsa ba kyau.

Ba wanda ya faɗa masa a ido. Sai dai in ya yi sallama gidan mai jinya, a leƙo a ce barci yake yi. Wata tsohuwa ta hango shi ya karyo kwana, ta jawo jikanta mai zazzaɓi ta tura ɗaki ta ja ƙyaure. Liman ya yi huɗuba a kan camfi, kowa ya gyaɗa kai, aka fito aka ci gaba da rufe ƙofa.

Abin da ya fi ba ni tausayi, shi ma abin ya shige shi. Ya gaya wa matarsa Surayya cewa ranar kasuwa, yana tsaye kan benci yana bayanin ruwan noman rani, ya ga Mainasara a bayan taro, hannu a goye, yana saurare. Ya san ba shi ba ne. Amma daga ranar, duk taron da ya tsaya sai ya ga fuskar wani da ya taya binnewa. Ba sa magana, kallonsa kawai suke yi yadda mai gona ke kallon ɗan ƙwadago. Ya rame, ya daina gama tuwonsa.

Ana cikin haka, zaɓe ya matso, ranar Asabar za a yi shi, sai yayarsa Habi ta kwanta.

Habi ba yaya kawai ba ce. Uwarsu ta rasu yana shan nono, ita ta goye shi, ita ta sayar da akuyarta ta saya masa kayan makaranta. Tana aure a nan Rimawa, gidan Malam Siddiq, shi kuma yana zaune a Goronyo, tafiyar da ba ta isa shan man kirki ba.

Malam Siddiq ya kira shi a waya. "Bilya, yayarka na ta tambayarka. Jikin ya yi nauyi."

"Ka ce mata ina nan tahe, Malam. Bari Assabar ta wuce."

Surayya na gefe tana tsince shinkafa. Da ya kashe wayar, ta aje faifan ta dube shi. "Malam, mi kaka jira? Yaya Habi ta hwa."

"In nit tahi tac cika hwa, Surayya?"

"In kwananta ya ƙare, ƙahwarka mi ag gaminta da shi? Kai da karatunka?"

"Ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Abu guda nika son ka hwaɗa min. Ita kaka ji ma tsoro, ko ƙuri'a?"

Shi kansa bai san amsar ba. In ya tuna fuskokin nan na bayan taro, sai ya ce don ita ne. In ya tuna abin da za a faɗa a rumfunan zaɓe idan yayarsa ta cika bayan ya taka ɗakinta, sai kunya ta kama shi, don ya san wannan ma yana ciki. Ya aika da kuɗin magani, ya aika da kankana da madara. Har ya taɓa hawa babur ya iso bakin Rimawa, ya tsaya ƙarƙashin darbejiyar makarantar firamare, yara na kallonsa, sannan ya juya.

Habi ta cika da hantsin Laraba. Shi da ke riga dangin mamaci isa gidan rasuwa, ran nan ya makara. Ya tarar an riga an sa ta a likkafani an ɗaure. Bai ga fuskarta ba. Ya tambayi Malam Siddiq ko ta bar masa wata magana. Malam Siddiq, mutumin kirki, ya ce ba ta yi fushi ba, cewa kawai ta yi yaron aiki ya yi masa yawa, kada a matsa masa.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da shi cikin masu karɓar gaisuwa. Jama'a kuwa ta cika, har daga Boyekai, har waɗanda suka daɗe suna kauce masa a hanya. Wani dattijo mai farin gemu, ƙanin marigayi Mainasara, ya durƙusa gabansa ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Allah shi jiƙan ta, shi ba ku haƙuri." Ya sassauta murya, ya matso. "Ɗana, mun ɗauki alhakinka, ka gahwarta muna. Ga ta 'yar'uwarka ciki guda, ko ƙohwar ɗakinta ba ka taka ba har tac cika. Ashe ba ƙahwarka ta ba. Kowa ya gani yanzu. Ranar Assabar, ni da gidana duka, kai za mu yi."

Na bayansa suka gyaɗa kai, wani ma ya ce wallahi haka ne.

Bilyaminu ya buɗe baki, ya ji kansa yana cewa, "Na gode, Baba. Allah shi bar zumunci."

Dattijon ya tashi, na bayansa ya durƙusa ya miƙo hannu.