Rabin Kitso

Ranar da 'yarta ta kira ta "Anti Sista" a gaban baƙi, kowa ya yi dariya ban da ita. Yarinyar ba ta yi laifi ba. Ƙanwar Sista ce ke yi mata wanka, ita ke kwantar da ita, uwar kuwa tana asibiti tana aikin dare, sai da safe ta dawo ido jajir, tana warin magani. A makon nan ta ajiye aiki. Wata makaranta ta ɗauke ta aikin kula da ɗakin jinyar yara, a tashi tun rana na sama.

Likita mai asibitin ya kira ta ofis, har da jawo mata kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Haba Sista! Ki bar mu ki koma shafa wa yara man zafi a gwiwa? Na ba ki Babbar Sista. Ofishinki daban, kuma kin rabu da aikin dare har abada."

Gaskiyar magana tana son wurin nan: ƙarar keken marasa lafiya a baranda, tsofaffin da ke riƙe hannunta suna ce mata "'yata". Shekarunta nawa tana jiran wani ya ce kada ki tafi?

A gida mijinta ya durƙusa mata a bakin ƙofa. "Ranki ya daɗe, Babbar Sista! Mu talakawa sai mun bi layi kafin mu gan ki ke nan?"

"Kai dai komai wasa ne. Don Allah ka gaya mini abin yi."

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Me ya fitar da ke tun farko?"

"Ai ya ce ba aikin dare."

"Ya ce," in ji mijin, ya wuce ciki.

Da safe ta kira shugabar makarantar ta ba ta haƙuri. Matar ba ta ja magana ba, ta ce akwai mai jira, Allah ya sa haka ne alheri.

Kwana kaɗan bayan nan, da yamma, Sista na zaune a tsakar ɗaki, kan 'yarta a cinyarta tana yi mata kitso. Yarinyar na ta zuba labarin wata kyanwa, ɗumin wuyanta na ratsa yatsun uwar. Ta gama gefen dama ke nan waya ta yi ƙara, daga asibiti ne.

"Sista, mai aikin dare ba ta zo ba, ɗanta ne ba lafiya."

A asibitin nan, idan mai aikin dare ta ƙi zuwa, Babbar Sista ce ke maye gurbinta. Ta sani sarai. Ita da kanta ta sha kiran tsohuwar Babbar Sista a irin wannan lokaci, ba ta taɓa tambayar me matar ta bari a gida ba. Daɗin kujerar nan ne ya mantar da ita.

"A nemi wata mana," ta ce.

"Ai ke ce watar, ranki ya daɗe."

Ta ajiye wayar. Sannan ta ƙwala wa ƙanwarta kira, ta miƙa mata matsefin. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta ma tambaya ba. Ta ja jiki ta koma waccan cinyar, ta ɗora labarin kyanwarta daga inda ta tsaya.