Wanne ne Farin?

...to amma wanne ne? Lauratu na tsugune a ƙarƙashin 'yar rumfar da mijinta, marigayi Malam Salmanu, ya kafa wa tukwanen furensa, tana kallon ganye, ganye na kallonta. Duk kamarsu ɗaya. Dogaye, koraye, masu santsi. Bayan la'asar Pius zai zo, aminin marigayi, mai shagon taki a Kwangila. Ya tattara komatsansa zai koma garinsu gaba ɗaya, abu guda ya rage masa a Zariya: tukunyar da aka yi masa alkawari. "Ki ba Pius farin," haka Malam ya ce a gadon asibiti, ita kuma ta ce to.

To. Ai ita dama gwanar to ce...

Furen takalmi Malam yake ce masa, don leɓensa na ƙasa kamar ɗan takalmi sau-ciki. Daga ƙasar da ya je karatu ya zo da shi, tun Rauda 'yarsu na goye. Mutane na dawowa da zannuwa da agogo, nata mijin ya dawo da ciyawa. Ta yi masa dariya har ta gaji. Furen ba ya son ƙasa sai gawayi da ɓawon kwakwa, ba ya shan ruwan rijiya sai na sama da aka tara a randa, rana kuwa ko kusa — wannan wane irin ɗan gata ne? Ba a miya da shi. Ko ciwon kai ba ya magani.

Jinsi ɗaya ne, in ji shi, amma kowanne da kamarsa. Akwai mai ɗigo-ɗigo, akwai mai jan leɓe, sai farin, wanda babu ko ɗigo a jikinsa, shi kaɗai tal, bai taɓa yin 'ya'yan da za a raba ba. In sun yi fure ko makaho... a'a, ban da makaho. Amma fure sai sanyi ya shigo, in ya ga dama. Yanzu damina ce. Pius ba zai jira sanyi ba.

A da, zare Malam ya ɗaure wa kowace tukunya a wuya, ja, baƙi, fari. Ina zaren? Ranar rasuwa, gida ya cika, mata har bakin zaure, babu wurin shimfiɗa tabarma. Wa ya ce a kwashe tukwanen? Ita. Da bakinta. A kwashe tarkacen nan a samu wuri, ta ce — tarkace! — aka jibge su bayan ɗaki, yaran 'yan gaisuwa suka samu abin wasa, suka kwance zaren kaf. Ba ta sake tunawa da su ba sai bayan sadakar bakwai.

Amma ya taɓa faɗa mata wata alama. Ya faɗa. Tana tsintar shinkafa a faranti, rediyo na ta surutu, shi yana tsugune daidai inda take yanzu, gilashinsa a kan hanci. "Zo ki gani, ko babu fure ana ganewa. Juya ganyen, dubi gindinsa..." Ina jin ka, Malam. Tsakuwa take nema a cikin shinkafa. Gindin ganyen ya yi yaya? Da jan ɗigo, ko babu? Farin ne ba shi da shi — hankali ma ya ba da haka — ko kuwa cewa ya yi abin mamaki, farin ne mai... Kai, Lauratu. Mutum ya yi shekaru yana kiranki ki zo ki gani, taku nawa ne daga tabarma zuwa rumfa? Abin na ci mata rai, kunya ce da baƙin ciki a haɗe.

Tana juya ganye. Jan ɗigo, ƙanana kamar an watsa barkono. Na gaba, ɗigo. Na gaba ma. Mayafin takaba na zamowa, ba ta gyara ba. Na ƙarshe... ɗigo. Dukkansu.

Ke nan babu shi a nan? Ko ita ce ta juya maganar?

Akwai guda da ta ƙone. Wadda ta faɗa bakin katanga inda ranar bazara ke duka, ganyen ya zama kamar busasshen kara. Rauda ta tambaya a yi yaya da ita, ta ce a zubar. Ko juya ganyen ba ta yi ba. Da wane sanin za ta juya?

Ta miƙa wa Pius kowacce mana. Wa zai sani? Pius zai karɓa da hannu biyu, ya rungume ta a mota har garinsu, ya tara mata ruwan sama, ya jira sanyi. Ranar da furen ya buɗe, in ya ga ɗigo-ɗigo... ba zai ce komai ba, ta san halinsa. Zai zauna ne kawai yana tunanin abokinsa ya manta, ko ya yi masa rowa a ƙarshe.

Sallama a zaure. Tun yanzu? Ashe an yi la'asar.

"Umma, Baba Pius ne," in ji Rauda daga bakin ƙofa. "Wacce zan ɗauka?"

Lauratu ta buɗe baki. Hannunta na kan wata tukunya, ba ta san lokacin da ya sauka a kanta ba, ba ta kuma san ko wacce ce ba...