Koriyar Hular Mudasiru

Tun da Mudasiru, jami'in kiyaye haɗurra, ya faɗo daga hawa na tara ya rasu, kamfanin bai ɗauki wani ba. Kullum ana nema, amma a fatar baki. Koriyar hular kwanonsa tana nan rataye a ƙusa a ɗakin gadi, inda Dikko ke tsaron ƙofar ginin da ake tayarwa a bayan unguwar Mushairib.

Ran nan Wahid, shugaban leburori, ya zo da dabara irin ta masu son banza.

"Masu ginin za su zo bayan hutun rana," in ji shi. "Ka sa hular nan su ga muna da jami'in sefti. Hannu kawai za ka ɗaga, ma'aikata su hau ƙarafan da aka kafa a jikin ginin. Yalla, yi maza, ba wuya."

Dikko mai gadi ne, bai san ƙarfe mai lafiya da mai rawa ba. In ya ƙi, aiki ya tafi. In ya ɗaga hannu, mutane za su taka abin da ba wanda ya duba.

Da rana ta take, aka watse, don doka ta hana aiki a waje a irin wannan zafi. Wurin ya yi tsit. A garin su Dikko ba a yawo da tsakar rana, kuma kowa ya san dalili.

Sai ya ji ƙarar sifana a jikin ƙarfe. A buga, a saurara, a matsa gaba. Haka Mudasiru yake yi, kamar mace tana gwada tukunya kafin ta saya. Dikko ya leƙa ta taga. Can sama wani ne tsaye da koriyar hula, ya ba shi baya. Tsoro ya hana shi waiwayar ƙusar hular da ke bayansa. Ya runtse ido yana ta karanta Ayatul Kursiyyu.

Da aka dawo aiki, ba wanda ya hau. Jan ƙyalle ne ɗaure a matakalar, alamar hani, kuma Ghali birkila ya leƙa ta cikin ginin ya gano maɗauran ƙarafan sun kwance a hawa na tara.

Wahid ya taho yana huci. "Wa ya ɗaura wannan?"

Dikko ya san in ya ce ba shi ba ne, za a cire ƙyallen a ce wasan wani ne.

"Ni ne."

"Khalas, shi ke nan. Tattara kayanka."

Ya shiga ɗaukar jakarsa, zuciyarsa a dagule. Hular tana kan ƙusarta. Ya taɓa ta, ya ji zafi rau, alhali na'urar sanyi na aiki tun safe. Cikinta kuwa jiƙe yake da gumi.

Ya gyara mata zama a hankali.

"Sannu da aiki," in ji Dikko, ya ja ƙofa.