Maririn da ke cikin waya

Almu injiniya ne a wani kamfanin gyaran gine-gine da ke Southwest Washington, a Amurka. Kullum da safe yana shiga jirgin ƙasa daga Woodbridge, ya dawo bayan magariba. Shekarar da suka gama wani babban aiki, mai kamfanin, Desmond, ya ce zai kai manyan ma'aikatansa Texas farauta, kuma shi zai ɗauki nauyin komai.

Almu ya yi murna. Jikan maharbi ne daga Nguru, ya iya bindiga tun yana saurayi. Matarsa Hannatu kuwa, da ta ji kuɗin da ake biya kan dabba ɗaya, sai ta ajiye ludayi.

"Baban Ilham, kuɗin mota fa ke nan. Naman zinariya gare ta?"

"Ba naman suke so ba," in ji shi. "Kan suke ratayewa a bango."

Gandun da suka je an kewaye shi da waya mai tsayin da ko barewa ba za ta tsallake ba. Da safe aka zaunar da shi da Desmond a wata 'yar rumfa a sama, suna fuskantar wani inji. Injin ya yi ƙara, ya watsa masara, sai ga dabbobi sun fito daga cikin itatuwa suna tafiya a natse. Farare ne, wuyansu ja, ƙahoninsu dogaye sun lanƙwasa baya. Almu ya gane su nan take, ko da yake bai taɓa ganinsu ba. Mariri ne. Kakansa ya sha ba shi labarin yadda akan bi sawunsa kwana da kwanaki a arewa, a dawo hannu rabbana. Kafin a haifi Almu, mariri ya riga ya ɓace daga can.

"Babban naka ne," Desmond ya raɗa masa. "Na riga na biya."

Almu ya ɗaga bindiga. Maririn ya ɗago kai, ya dubi rumfar, ya ci gaba da cin masararsa. Almu ya sauke bindigar.

"Na gode, amma ba zan harba ba. Wannan ya saba da mutane, abinci ya zo ci. Ko ya gudu, waya za ta tsare shi."

Desmond bai yi fushi ba tukuna. Ya ce, "Ka san kuɗin irinmu ne ke ciyar da su? A ƙasarku sun ƙare, a nan suna hayayyafa."

"Gaskiya ka faɗa, kuma ta yi mini ciwo. Amma a wurinmu dabbar da ka ciyar ba a farautarta, yanka ta ake yi a ci."

Desmond ya ja tasa bindigar ya harba. Harsashin ya sami maririn a ƙugu. Ya faɗi, ya tashi, ya ja ƙafafun baya har bakin wayar, ya dinga tunkuyinta yana neman hanya. Desmond ya sake harbi bai samu ba. Sai Almu ya yi bisimilla, ya harba sau ɗaya, ya sauka da gudu ya yanka shi tun da sauran rai.

Da aka zo hoto, Desmond ya ce su riƙe ƙahon tare. Almu ya ce a yi babu shi, naman kawai yake roƙo idan ba mai so. A jirgin dawowa Desmond ya zauna nesa da shi.

Akwatunan ƙanƙara biyu cike da nama Almu ya shigo da su gida. Hannatu ta saurari labarin duka ba ta katse shi ba, sannan ta tambaya ko aikinsa zai taɓu.

"Wataƙila," in ji shi.

"To, ya taɓu. Miƙo mini babbar tukunyar nan."

Ta kira ƙawarta Sadiyya daga Upper Marlboro, suka wuni suna daka dambun nama. Ranar Juma'a aka raba a ƙofar masallaci, har maƙwabciyarsu Constance, 'yar Jos, ta sami nata. 'Yarsu Ilham, wadda ba ta cika amsawa da Hausa ba, ita ta riƙa miƙa wa dattawa, tana cewa da Hausarta mai gargada, "Babana ne ya kawo. Ya ƙi harbi, sai da dabbar ta sha wuya." Almu yana gefe yana gaisawa da mutane, yana jin ta, bai gyara mata ko kalma ɗaya ba.

Aikin bai taɓu ba, amma shekarar da ta biyo ba a gayyace shi Texas ba. Makon da abokan aikinsa suka tafi, shi aka bar wa ofis. Ya sallami kowa da wuri ranar Juma'a, ya kama jirgin la'asar zuwa gida.