Ruwan da Baba Ya Zuba a Falo

Tun daga bakin ƙofa Baba ya tuɓe takalmansa ya soke su a hammata, duk da Auta ta ce masa babu buƙata.

"Ke, rufa mini asiri," ya ce. "Ƙasan nan ya fi shimfiɗata tsafta."

Auta ce mai sharar gidan. Aikinta shi ne ta goge abin da babu ƙura a kansa, ta buɗe famfuna su ɗan zuba don kada bututu ya yi wari, ta gyara gadajen da babu wanda ya taɓa kwanciya a kansu. Maigidan yana wata ƙasa, ko ƙeyarsa ba ta taɓa gani ba. Dokar Manaja mai kula da gidan kuwa ba ta da wuyar haddacewa: duk wanda ya shigo da baƙo, ya ajiye makulli ya kama gabansa.

Ta san wannan sarai. Amma likita ya ce idon Baba na hagu ya tafi, na dama ma yana haɗa kayansa, ga shi tsohon ya hana ta sakat da roƙon ta kai shi ya ga gidan. Magini ne tun ƙuruciyarsa, kuma bakinsa bai taɓa yabon ginin kowa ba, har da nasa. Cewa yake yi babu gidan da ba shi da karkata, sai dai ba a duba ba.

Ta nuna masa lif na gilashi mai hawa da mutane sama, da ɗakin da aka yi wa takalma kaɗai, da wurin ninƙaya a can saman bene wanda ruwansa ke ƙarewa kamar zai zubo wa gari. Baba ya ce "to, to" ya wuce. Shi bango ya zo gani. Yana tafe yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, kunne a manne, yana neman inda zai ji holoƙo. Ya shafa kusurwa, ya bi gaɓar dutse da farce. Tun yana ƙunƙuni har ya yi tsit.

"Auta, su wa suka yi aikin nan?"

"Oho, Baba. Haka na tarar da shi."

"Mutane ne dai irinmu?"

"Da aljanu ne, ai da ba su ɗauke ni shara ba."

Bai yi dariya ba. A babban falo, inda farin dutse ya malale daga bango zuwa bango kamar an zuba madara, ya ciro gorar ruwansa daga aljihu. Kafin ta ce kanzil ya tsiyaya ruwa a tsakiyar ɗakin. Haka ya saba gwada daɓe: in akwai gangara ko ta gashi ɗaya ce, ruwa zai tona asirin magini. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta rubda ciki, ya ɗora kumatunsa a kan dutsen, ya kafa wa ruwan idon da ya rage masa.

A haka Manaja ya shigo ya same su.

"Wane ne wannan? Me ya zubar?"

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe. Ruwa ne kawai."

"Goge shi yanzun nan. In kin gama ki kawo mini makulli."

Da aikin nan take ciyar da su biyun, da shi take sayen maganin ɗigawa a idonsa. Ta zaro tsumma daga ƙugunta, tana tunanin in ta yi maza ta goge, ta durƙusa ta ba da haƙuri, wataƙila ya sassauto.

"Auta," Baba ya kira daga ƙasa. Bai ma san da wani Manaja ba. "Zo ki duba mini, kada idona ne ke yi mini ƙarya. Ya motsa?"

Ta duba. Ruwan na nan inda aka zuba shi, zagaye kamar faifai, fitilun rufi na haskawa a cikinsa.

"Bai motsa ba, Baba."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Hawaye ya gangaro masa ya ɗiga a kan dutsen. "Ashe ana iyawa."

"Ke nake jira," in ji Manaja.

Auta ta ciro makullin ta miƙa masa, ta mayar da tsumman ƙugunta.

"Zan goge, ranka ya daɗe. Bari dai ya gama kallo."