Farin Teburin Daudu Kuku

Tun ranar da Daudu Kuku ya dawo Yasore daga Katsina, hankalin Armaya'u bai sake kwanciya ba. Dalili kuwa gona ce. Sa'ad da Daudu zai tafi aikin dafa wa wani Bature abinci, yana saurayi, ya danƙa wa amininsa Armaya'u gonar ubansa ta bakin fadama, ya ce ya riƙe masa. Shekara ta bi shekara, Armaya'u ya kai mata taki, ya aurar da 'ya'ya da dawarta, har mutane suka manta ta waye. Yanzu ga mai gona ya dawo da furfura da akwatin ƙarfe, kuma bai ce uffan a kanta ba. Shirun nan shi ya fi cin ran Armaya'u.

Rannan Daudu ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Gobe bayan la'asar ka zo ka ci abinci wurina. Kai da Malam Usaini liman kaɗai. Ka sanyo fararen kaya."

Da Armaya'u ya gaya wa matarsa Tasalla, sai ta ajiye muciya. "Fararen kaya? Suna aka yi ko ɗaurin aure? Malam, ran kasuwar Batsari an gan shi yana bin masu kaji, wai farin zakara yake nema, wanda ba ɗigon baƙi. Kai ma ka san wa ke aiken mutum neman irin wanga zakara."

Ya sani mana. Boka ne, ba wani ba. Amma ƙin zuwa zai zama abin magana a gari, don haka washegari ya sa farar rigarsa ta salla, ya tofe jikinsa da addu'a, ya tafi.

Abin da ya tarar ya fi ƙarfin abin da ya zata. An share tsakar gida tas, an zuba farin rairayin rafi, an shafe bango da farar ƙasa. A ƙarƙashin ceɗiya Daudu ya kifa turame, ya ɗora ƙyauren ɗaki a kai, ya lulluɓe shi da sabon alawayyo har ƙasa. Wai teburi ke nan. Armaya'u kuwa da ya dubi farin yadin nan shimfiɗe a kan katako, ba abin da ya faɗo masa sai likkafani. A tsakiya ga kwalba an cusa mata furen zogale, ga farin goro a sabuwar ƙwarya. To, in ba asiri ba, wa ya taɓa ciyar da kwalba fure?

Liman ya riga shi isowa, yana zaune a kan kujera yana ta washe baki. "Armaya'u, zo ka ga ikon Allah! Yau mu ne Turawa."

Daudu ya fito da farin ƙyalle rataye a hannu, ya ja wa Armaya'u kujera. Sa'an nan ya kawo abinci: tuwon shinkafa, naman zakara a cikin wata farar miya da aka kaɗa da madara, da fura da nono a gefe. Amma ba a akushi ɗaya ba, yadda 'yan'uwa ke haɗa hannu. Kowa da nasa farantin tangaran, an zuba tun daga ɗaki, inda ido bai gani ba. Kuma faranti biyu ne kawai.

"Kai fa?" in ji Armaya'u. "Ba ka zama?"

"A'a, ni tsaye nake. Ku ci, bismilla."

Ya koma bayan kujerar Armaya'u ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a baya. Haka ya yi shekaru yana yi a gidan Bature, kuma a saninsa ba girmamawar da ta kai wannan. Armaya'u ina ya san haka? Shi dai ya san mai gida shi ke fara sa hannu a ƙwarya, baƙo ya bi. Ga shi an ware masa nasa, mai gida ya ƙi ci, ya kuma tsaya masa a ƙeya yana jiran ya kai loma baki. Liman na ta sharɓar miya yana sa albarka, amma ai liman ba ya riƙe da gonar kowa.

Sai ga wata kyanwa ta zo tana shafar ƙafar turmi. Armaya'u ya yago tsoka, ya saki hannu a hankali ta gefen alawayyo, ya jefa mata. Ya zuba mata ido yana jira ya ga ko za ta kife. Ya manta sarai cewa wanda ke tsaye a bayansa yana ganin komai.

Kyanwa ta cinye, ta lashe baki, ta nemi ƙari.

Daudu ya zagayo, ya ɗauke farantin daga gaban Armaya'u. Ya zauna a ƙasa kan rairayi, ya sa hannu ya ci tuwon, ya ci naman, ya ɗaga furar ya shanye. Liman ma ya tsaya da loma a hannu.

Da ya gama ya goge baki, ya dubi liman. "Malam, shaida na kira ka ka yi. Hannuna ya manta fartanya, ɗa kuma Allah bai ba ni ba. Niyyata in mun gama ci in bar wa Armaya'u gonar nan halak malak, shi da jikokinsa. Na ce bari in yi mashi irin karɓar da ban taɓa yi wa baƙar fata ba."

Armaya'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Daudu, don Allah, sharrin Shaiɗan ne. Zubo mani wani, wallahi in cinye yanzu."

"Tukunya ta ƙare," in ji Daudu. "Tare aka yi mana kaciya, Armaya'u, amma kyanwa ka fi yarda da ita. Tunda kana ganin zan iya kashe ka a kan gona, gara in raba ka da abin tsoro. In ka girbe dawar bana, ka ba ni abina."

Liman ya yi ta ba da baki, ya kawo ayoyi, ya kawo zumunci. Daudu dai ya tashi ya shiga naɗe alawayyonsa.

Ana kiran magariba Armaya'u ya isa gida. Tasalla ta tarye shi a bakin zaure, ta riƙo hannun rigarsa. "Malam, ba ka dai ci ba ko?"

"Ban ci ba."

Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya tsare mu."