Da An Yanka Gwamna da Wuri

Wanda bai taɓa ƙyanƙyasar tarwada ba, gani yake wasan ruwa ne. To, ba haka ba ne. Macen kifi, idan ka yi mata allura, ƙwanta ya nuna, matsa cikinta kawai za ka yi ya zubo a roba. Namiji kuwa ba ya tatsuwa. Sai ka farke shi kafin ka san ko ruwan da ke cikinsa na kirki ne, kuma idan ka farke shi ya tafi kenan.

Ran nan matan da na yi wa allura sun nuna da hantsi. Na yanka namiji na farko, na tsaga 'yar jakar ruwansa, sai ga abu tsararo kamar ruwan wanki. Na ɗiga a gilashi na leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu, babu abin da ke motsi. Na biyu ma haka. Bayana ya riƙe, hannuna duk ƙarni, kuma wallahi na gaji da sana'ar nan.

Saura namiji ɗaya a gidan, wani ƙato da Baba ya raina tun yana ɗan mitsitsi. Gwamna yake kiransa. Tankinsa daban, abincinsa a tafin hannu, har hira suke yi. Mu da ya haifa ba mu samu wannan gatan ba.

Na same shi zaune a bakin tankin.

"Baba, sai fa Gwamna."

"Ki nema a maƙwabta, uwata."

"Na kira su, nasu ƙanana ne. Ƙwan nan ba zai jira mu ba. Idan ya wuce, bana ba mu da iri."

"In kuma aka yanka shi aka tarar nasa ma tsararo ne fa?"

"Sai an yanka za a sani, Baba."

Ya mayar da idonsa kan ruwa. Na je na dawo, na sake zuwa na dawo, kowane zuwa sai ya ce in ɗan dakata. Matan kuwa har sun fara zubar da ƙwai a tankinsu. Ban iya ɗaga masa murya ba, sai na samu bokiti na kifa na zauna.

Sai da rana ta karkata ya miƙe. "Ba ni wuƙar," ya ce. "Ba ke za ki yi ba."

Ruwan Gwamna ya fito fari fat, mai kauri kamar madara. A madubi kuwa sai wutsil-wutsil, ban taɓa ganin irinsa ba. Na tatsi matan da sauri, amma tun a roba na ga ƙwan ya saki, ya yi ruwa, sheƙinsa ya dushe. Na dai gauraya, na baza a raga, don babu abin da ya rage in yi.

Da safe muka tsaya tare a kan ragar. Ƙwan da ya kama kore yake zama, garau. Wannan duk ya yi fari, har ya fara wari. Baba ya daɗe yana dubawa, yana neman ko ɗaya.

"Uwata," ya ce, bai kalle ni ba, "da na yanka tun da kika fara magana fa?"

Na so in yi masa ƙarya, amma shi ya koya mini aikin.

"Da sun kama, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya ya kama bakin ragar, ni na kama ɗaya bakin, muka fita da ita.